Gindin Kuka da Agogon Malam

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni dattijo ne daga Limawa, Dutse. Ban yi boko ba, maƙwabcina ne ya rubuta mini.

An kai malaman firamarenmu bita kan koyar da karatu. Suka dawo da agogo a hannu, yaro na karatu ana auna saurinsa. Jikata Hajara ta zo ta ɗaya. Na ce, "Amaryata, karanta mini in ji." Ta kwararo kamar ana korar ta. Da ta iso inda littafin ya ce mutane sun zauna a gindin kuka, itacen miya, sai ta faɗe shi kamar kukan hawaye.

Na ce, "Wa ya mutu?"

Ta ce, "Oho, Kaka, sauri ake so."

Na taka har makaranta. Malaminsu ya ce, "Baba, an ce mu riƙa tambayar ma'ana, amma yaran sun yi yawa."

Tir! Mu a makarantar allo, wasali ɗaya ka karkata sai an maido ka baya.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: in bar ta tana gudu a makance, ko in je in tare a ƙofar ajin, in riƙa yi musu gyara? Tabarmata dai na riga na naɗe ta.