Zaren da Aka Yi Don Ya Tsinke

Keken ɗinkin Babanmu aka sayar na tafi Dubai. Ba irin waɗannan masu lantarki da kuke zaune a kai ba, wancan baƙi ne mai ƙafa, ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi da kansa ya kira mai saye, ya tsaya a ƙofar gida har aka ɗora shi a kan amalanke, sannan ya haɗa kuɗin da na tumakin Inna ya miƙa wa ejan. A 2018 ke nan. Ranar da zan tafi bai yi mini doguwar nasiha ba, cewa kawai ya yi, "Sabi'u, in ɗinkinka ya farke, sunanka ne ya farke." Ku riƙe wannan maganar, don ita ta kai ni, ita ta dawo da ni.

Ejan ya ce kamfanin ɗinkin abaya ne, kuma da ɗakina. Da na sauka a Al Buteen, wata tsohuwar unguwa a bakin ruwa da ta cika da kantuna da ƙananan otal, sai aka kai ni wajen wani ɗan Pakistan mai bayar da hayar abin da suke kira "bed sifes". Ni na zaci sunan unguwa ne. Ashe gado ne, gadon ma na sama, mu takwas a ɗaki.

Na ce, "Malam, ni fa ɗaki aka ce mini."

Ya ce, "Habibi, wannan ɗaki. Kai, sama."

"To akwatina fa?"

"Akwati, matashin kai. Khalas!"

Haka na yi ta kwana da akwati a ƙarƙashin keya, fanka na wucewa ta saman hancina.

Aikin ma ba abaya ba ne. Wani babban zaure ne a cikin otal, mutane suna cin abincin dare ana yi musu wasanni ɗaya bayan ɗaya. Suna ce masa "barayiti sho", ni kuwa na fi mako ina cewa "bara'atu". Mai barkwanci ya fito, sai mai juya faranti a kan sanda, sai 'yan tsalle-tsalle daga Habasha, sai mai siddabaru, a rufe da rawa. Ku ɗauka an tara 'yan kama da 'yan koroso da 'yan hoto a dandali guda, kowa da mintinsa. Aikina shi ne maɓallin da ya cire da wandon da ya yage, sai guga. A gida kuwa na ce musu kamfanin tufafi ne, kuma ban yi ƙarya ba sosai.

Manajan wurin, wanda kowa ke kira Mudir, shi ya karɓi fasfona ya jefa a durowa. Ya ɗaga yatsu uku ya ce, "Wata uku gwaji. Kuskure ɗaya, kansil." Kansil shi ne a soke maka biza a kai ka filin jirgi. Ko tari ya yi a bayana sai in ga keken Baba a kan amalanke.

Mutum biyu ne suka sake mini fuska. Ɗaya Madam Zoya, tsohuwa mai sanda, ita ke koyar da rawar. Ɗayar Marisel, 'yar Filifin, ita ce jagorar 'yan rawa, tana da 'ya'ya biyu a wajen mahaifiyarta. "Kuya Sabi" take kirana, wai yaya ke nan a yarensu, alhali ta girme ni.

Saura mako biyu gwajina ya cika aka kawo sababbin riguna shida daga sito, na wata rawa da za a fara yi a zauren. Aka ce in goge in rataye. Ko da na juya ta farko sai na riƙe baki. Riga ce hawa uku, baƙa a sama, ja a ciki, ruwan zinare a can ƙasa, yadi mai tsadar gaske. Amma ɗinkin kafaɗa da na ƙugu, wayyo Allah! Zare siriri kamar na gizo-gizo, an yi shi tsallake-tsallake, yatsana na shiga tsakani. Na ce lallai an cuci mutanen nan, wani tela maras tsoron Allah ya karɓi kuɗi ya yi ha'inci. A Kano in ka miƙa wannan, a ranar za ka bar kasuwa.

Sai zuciya ta ce, ga damarka. Na ɗauki ta Marisel, tun da ita ce a tsakiya, na hau keke a lokacin hutun rana, na bi kafaɗa da ƙugu da zare mai ƙwari, layi biyu, na ƙulle baki. Ko doki aka ɗaura ba zai farka ta ba. Ban gaya wa kowa ba, ina jiran in gama sauran biyar a ce, kai, Bakanon nan gwani ne. Su kuwa da tsofaffin riguna suke atisaye, sababbin an ajiye su sai ranar buɗewa.

Ranar ta zo. Bayan la'asar Madam ta shigo ɗan lungun da nake aiki da kofin shayinta, ta zauna tana hutar da ƙafa. Ranar bakinta ya buɗe. Ta ce wannan rawar ta girme ta, a wajen malamarta ta koya, ita ma a wajen tata malamar da ta yi rawa a zaurukan Faris. Ta ce a can da, tsakanin mai barkwanci da mai siddabaru ake turo 'yar rawa, maza sun bugu suna ihu. Wasu matan suka riƙa tuɓe kaya don a kalle su. Wasu kuma suka ce a'a, sai dai a nemo wani abin mamakin. Wata ta fito da manyan mafitai na gashin jimina, wata ta ɗaura yadi mai yawa a kan sanduna tana juya shi ƙarƙashin fitilu masu launi, wata kuma ta ƙirƙiro rigar da ke canzawa a jiki.

Ta ce, "Mutum ya zo ganin jiki, ya koma gida yana ba da labarin riga. Ka san sirrin?"

Na ce, "A'a, Madam."

"Zaren. Da gangan ake sa marar ƙwari. Ta ja nan, ya tsinke, baƙar ta zubo ƙasa ta koma ja. Ta sake ja, zinare ya fito. Ni nake ɗinka shi da hannuna, ba na bai wa kowa."

Wallahi sai a lokacin na gane ɓarnar da na yi. Garin neman gira zan rasa ido. Na leƙa waje, 'yan rawa sun riga sun sa rigunan, Mudir yana tsaye a kansu yana duba agogo. Almakashi na hannuna, minti biyar ya isa in gyara, amma sai na faɗi abin da na yi a gabansa. Tsoro ya hana ni. Na yi ta addu'ar Allah ya sa zarena ya tsinke, ni da ban taɓa roƙon haka ba tun da na fara ɗinki.

Daga bayan labule na kalla. Kiɗa ya tashi, su shida cikin baƙi suna juyi. Ganga ta buga, suka kai hannu kafaɗa. Biyar suka koma ja wur, zaure ya ɗauki tafi. Marisel tana tsakiya, baƙa ƙirin. Ta sake ja, ta sake, har na ga jijiyar wuyanta. Murmushin bai bar fuskarta ba, haka ta ci gaba da rawa. Sauran suka koma zinare, ita tana nan yadda ta fito. Wani daga teburin gaba ya ƙyalƙyale da dariya.

Suna fitowa Mudir ya tare ta.

"Shekara nawa kina wannan aikin? Kin manta inda ake ja?"

"Na ja, yallaɓai, na rantse na ja."

"Kin tsufa! Gobe ki zo ofis. Kansil!"

Ta cire rigar, aka miƙo mini in rataye, don aikina ne. Na shige lunguna na ja ƙofa. Ga riga, ga reza, babu mai ganina. In na farke layukan nan biyu, shi ke nan, babu wanda zai taɓa sani, nan da 'yan kwanaki gwajina ya cika. Kada ku zaci ni waliyyi ne. Na fara, na cire wajen rabin kafaɗa ɗaya. Sai na jiyo ta ta bayan katakon da ya raba mu, tana waya da 'yarta. Ba na jin yarensu, amma na san muryar uwar da ke dariya don kada yaro ya gane kuka take. Na ajiye rezar.

Na ɗauki rigar na tafi ofis. Madam na ciki. Na shimfiɗa ta a kan tebur na ce, "Ni ne. Na ga kamar zai farke, na ƙarfafa shi."

Mudir ya zazzaro ido. "Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

Madam ta sa tabarau, ta bi layin da farce, ta ja da iya ƙarfinta. Ta ce, "Ɗinki mai kyau." Sannan ta ce, "Jaki."

Mudir ya jawo durowa ya wullo mini fasfona, ya ce, "Kansil!"

Kafin takarduna su fito na yi kwana tara ba aiki. A na takwas Madam ta aiko a kira ni. Ta zaunar da ni ta nuna mini yadda ake ɗinkin, allura a kwance, tazarar yatsa biyu, ba a ƙulle baki. Sau huɗu tana farkewa don hannuna ya ƙi yin sako-sako. A na biyar ta kira Marisel ta sa rigar, ta ce in je in zauna a kujerar 'yan kallo. Babu kiɗa, babu kowa sai masu share ƙasa. Marisel ta juya, ta taɓa kafaɗa, baƙi ya zube ja ya fito, ta sake juyawa sai zinare. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Da zan fita Madam ta cusa mini ƙwaryar zaren guda a aljihu, Marisel ta ce, "Ka gaida Baba, Kuya."

Na iso Kano da akwatin da na tafi da shi. Baba yana zaune a soro, daidai gurbin da keken yake a da, har yanzu da shatin ƙafafunsa a ƙasa. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da gidan rawar, har da rabin kafaɗar da na farke. Bai katse ni ba. Da na gama na ajiye zaren a gabansa. Ya warware kamu guda, ya naɗe a yatsa, ya ɗan ja, ya tsinke.

Ya ce, "Wannan ka sayo da kekena?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

Ya kalli guntun zaren. Can ya ce, "Ita matar, tana nan a bakin aikinta?"

"Tana nan."

Ya jefa zaren a aljihun rigarsa ya ce, "To, bai farke ba. Tashi ka shiga ka gaida uwarka."