Na Sayi Gida, Anka Tafi da Azara

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu, wanda bai bar ni da ɗiyana a rana ba. Pasto, dattawa, mata 'yan'uwana, in kuka ya zo mani ku yi haƙuri da ni, abin bai gama sakina ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Saratu, matar marigayi Ayuba, wanda ya yi koyarwa a lakwal nan Madawa. Ɗinki nike yi. Ɗiyana biyu, Maryama da ƙanenta Ishaku. Saboda su na tsaya gabanku yau, don saura kaɗan a ɗauke mani su ina ji ina gani.

Ayuba mutumin wani ƙauye ne wajen Azarori, shi kaɗai ne Kirista cikin danginsu. Ni kuwa a Yamai anka haife ni, cikin gidan haya na siminti na tashi, cikin irinsa kuma na yi zaman aure. Ku riƙe wannan, don ta nan abin ya kayar da ni.

Da Ayuba ya rasu, munka shiga yawon haya. Wanga mai gida zai yi wa ɗansa aure, ku tashi. Wancan ya ƙara kuɗi, ku tashi. Ran nan wan mijina, Yaya Illa, ya zo daga ƙauye ya ishe kayanmu a bakin titi, Ishaku zamne bisa keken ɗinki. In faɗi gaskiya gaban Allah, Yaya Illa ba mugu ba ne, duk kaka sai ya aiko da damin gero. Amma ranar ranshi ya ɓaci. Ya ce, "Saratu, ɗiyan ƙanena ba za su tashi yau nan gobe can ba. In ba ki da wurin kanki, ki ba ni su. Gidan ubansu na nan."

Kun san yadda abin yake a nan. Ɗiya na dangin uba ne. Ina na ga bakin musu? Na ce, "Yaya, ka ba ni lokaci, zan sayi gida."

Na haɗa abin da anka ba mu bayan rasuwar Ayuba da abin da na kwasa na adashi. Cikin rani wani mutum ya nuna mani gida, munka shirya, na ba da rabin kuɗi. Har na fara ɗinka labule! Damina na tsayawa 'yan cin rani sunka fara dawowa shuka, sai ga ƙanen mutumin daga Abijan, jaka a kafaɗa, ko ruwa bai sha ba. Ya ce, "Madam, wa ya sayar maki? Gidan gado ne, da rabona a ciki, ni kuwa ban sayar ba."

Shi ke nan, ciniki ya tashi. Kuɗina sunka dawo gutsure-gutsure, sauran ma da buhunan albasa anka biya ni, wadda ta fara ruɓewa tun kafin in samu mai saye. Wayyo ni! Wata guda ɗakina na warin asarata.

Yaya Illa ya ji labari, ya zo. Ya ce, "Na ƙara maki shekara. In ruwan fari na baɗi ya sauka ba ki da rufin kanki, zan zo da amalanke in ɗauke su." Daga ranar nan na daina son damina. Mutane na roƙon ruwa, ni ina tsoronsa.

Da rani ya zagayo, na ce yanzu na yi wayo, ba wanda zai sake cin kaina. Wani dattijo, Malam Hamidu, zai koma Urno wajen ɗiyansa, shina sayar da gidansa. Ɗaki biyu na dutse da laka, da iccen dogon yaro a tsakar gida. Na shiga ɗakin da tsakar rana na ji sanyi, na ce Ubangiji, ga shi nan. Na tambaya ko akwai mai gado a Abijan ko Libiya, babu. Na tambaya ko an jinginar da shi, a'a. Na tambaya ko korama na biyo ta nan da damina, anka rantse mani ba ta biyowa. Munka tafi gaban mai unguwa da shaidu, anka raba goro, anka yi takarda. Har keken ɗinkina na biyu na sayar don in cika. Malam Hamidu ya roƙi 'yan kwanaki shi kwashe kayansa, na ce ba komai, Baba.

Ranar da na tafi da tsintsiya in share gidana, na shiga ɗaki sai na ga rana a ciki. Rana, jama'a, har ƙasa! Na ɗaga kai, sama ce. Babu rufi. Babu azara ko ɗaya, babu ƙyaure, babu taga. Sai ramukan da azarar ta zamna a jikin bango, kamar bakin tsohon da haƙora sunka zube, da tulin ƙasar rufi a tsakar ɗaki.

Da gudu na isa gidan mai unguwa, ɗankwali a hannu, ina cewa an yi mani sata. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, da kunka yi ciniki, kin ce har da azara?"

Na ce, "Baba, ana sayen gida babu rufi?"

Ya ce, "A ƙasar ga, azara mai ita take bi. Kin ga icce ya yi wuya, ba a samun mai tsawo. Mutum in zai tashi, da azararsa da ƙyaurensa yake tashi. Ƙasa da bango anka sayar maki. Da kin faɗa, da an yi cinikinta daban."

Na je wajen shaidu ɗaya bayan ɗaya, har da dattijon majami'armu da ya raka ni. Kowa sai ya riƙe baki ya ce, "Ashe ba ki sani ba?" Kowa ya sani, shi ya sa ba wanda ya gaya mani. Malam Hamidu bai cuce ni ba, mai unguwa bai yi son kai ba. Da akwai wanda zan kai ƙara, da na ji sauƙi. Babu.

Na tambayi kuɗin azara a kasuwa, na ji ya fi ƙarfina nesa. Tol kuwa, kwanon rufi, ko tambaya ban yi ba. Zumuntar mata, Allah shi saka maku, kun tara abin da kunka iya, ya sayi 'yan sanduna da ba su rufe ko kusurwa guda ba. Ɗakin hayarmu kuma an riga an ba wani. Haka munka tare cikin kango, na shimfiɗa zana da leda bisa bango, cikin zafin bazara. In iska ta taso, ledar ta yi ta kaɗawa har ba ma jin maganar juna.

A nan na yi fushi da Allah, ba zan ɓoye maku ba. Na daina zuwa sujada. In na jiyo waƙarku daga nesa sai in ƙara taka keke don kada in ji. Na ce wa Allah, ka ɗauke mani miji, na yi shiru. Na biɗi gida sau biyu da halalina. Me kuma kake so da ni?

Yaya Illa ya zo ya gani da idonsa. Ya daɗe tsaye shina duban ledar. Na durƙusa na kama ƙafarsa, na ce, "Yaya, ka ji tausayina, su kaɗai gare ni." Ya ce, "Tashi, Saratu, ba ƙin ki nike ba. Amma bangon laka babu rufi, ruwa ɗaya ya ishe shi ya faɗo. In ya faɗo masu, me zan ce wa Ayuba? Magana na nan yadda na faɗa. Bari in tafi in gyara masu ɗakin ubansu." Abin da ya fi ci mani rai, gaskiya gare shi.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, iska ta juya, hadari ya haɗu daga gabas, har ana jin ƙamshin ƙasa. Maƙwabta na ta fito da iri suna murna. Ni kuwa na zamna na linke tufafin yara na sa cikin buhu. Da na ɗauki rigar lakwal ta Maryama, wadda na ɗinka da hannuna, sai na rungume ta. Na zube nan tsakar ɗaki. Iska ta riga ta yaye ledar, ba komai tsakanina da sama.

Na ce, "Yesu, dabarata ta ƙare. Na yi tambaya, na yi shaidu, na yi takarda, ga inda sunka kawo ni. Ba ni da icce, ba ni da kuɗi, ba ni da bakin hana su tafiya. In za a ɗauke su, ka bi su, kada ka bar su su manta da kai. Ni dai ga ni."

Ban ji wata murya ba, ban ga komai ba. Hadarin ya watse ranar, ko ɗigo bai sauka ba. Na tashi na ɗora tukunya. Amma hankalina ya ɗan kwanta.

Kwana biyu tsakani, da hantsi, na ji ƙarar amalanke a bakin gida. Maryama ta riƙe mani zane, Ishaku ya ruga bayan dogon yaro ya ɓuya. Na ɗauki buhun kayansu na fito, hawaye sun hana ni gani sosai. Da na share ido, sai na ga shanu na haki, amalanke cike da azara, baƙa ƙirin da tsufa, da ƙyaure ɗaure bisa.

Yaya Illa ya sauko, bai dube ni ba. Ya ce, "Na buɗe ɗakin da Ayuba ya gina tun shina saurayi, in share wa yara. Na ɗaga kai na ga azarar. Ni da shi munka saro ta, munka ɗauko ta a kafaɗa, shina gaba ina baya. Sai na kasa shara. Azara mai ita take bi. Mai ita ya tafi, ta koma ta ɗiyansa. Ko in kai su ƙarƙashinta, ko in kawo ta bisansu. Na ga in na kai su, sun samu rufi sun rasa uwa." Sannan ya dubi buhun da ke hannuna ya ce, "Maida kayan nan ciki, ki kawo ruwa, shanu na jin ƙishi."

Halleluya! Jama'a, al'adar da ta kware mani gida, ita Ubangiji ya juya ta rufe ni!

Kafin azahar maƙwabtana Musulmi da samarin majami'a sun taru, masu kwaɓa laka, masu miƙa kara. Ɗakin ya fi na ƙauye faɗi kaɗan, sai da anka ƙara gini a bango kafin azarar ta zamna. Ruwan fari ya sauka muna ciki. Kusurwa ɗaya ta yi yoyo, na tara kwano. Ishaku ya kwanta shina duban sama, ya ce, "Inna, da gaske Baba ne ya ɗauko wannan a kafaɗa?" Na ce da gaske ne.

Har yau ɗaki na biyu a buɗe yake, keke ɗaya nike takawa. Amma ɗiyana ga su can zamne a bencin baya.

'Yan'uwa, in za ku sayi gida, ku ce har da azara. In kuma kun yi duk tambayar duniya kunka ɗaga kai kunka ga sama, kada ku toshe kunne kamar yadda na yi. Ku faɗa wa Yesu dabara ta ƙare, ya san inda ya ajiye rufinku. Na gode mashi, na gode maku. Amin.