Kwano Mai Ɗigo Uku

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Shugabar wannan taro, uwarmu Hajiya Kubura. Wakilin mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninsa. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Mai unguwa da dattawan da ke zaune can ɓangaren maza. Iyayenmu mata da yayyenmu. 'Yan'uwana ɗaliban wannan ɗakin koyon ɗinki. Baƙinmu da suka taso tun daga Baure da Sandamu. Har da waɗanda shinkafa kaɗai ta kawo su, na gan ku, ku ma sannunku da zuwa. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Barakatu, ƙanwar Nu'uman ta gidan marigayi Malam Isyaku. Na ga wasu sun fara gyara zama suna murmushi, don sun san ni. Ni ce na ɗinke bakin hijaban mata biyu a aji, suka miƙe tare suka faɗi tare. Ni ce na sa wa rigar ango hannu uku. Ban yi boko ba, iyakata allo, takardar nan ma da ajami na rubuta ta, kuma rabin abin da zan faɗa ba ya cikinta. An zaɓe ni in yi godiya a madadin ɗalibai ga Malama Adawiyya, wadda gobe in Allah ya kai mu za ta koma ƙasarsu Amurka bayan shekara huɗu a tsakaninmu. An zaɓe ni ne don in ba ku dariya. Zan yi iyakar ƙoƙarina, amma magana uku na zo da su, kuma ta tsakiyar ba ta da daɗi.

Ta farko, godiya. Malama, mun gode. Kin same mu ba mu san yadda zare ke shiga allurar keke ba, yau ga mu muna ɗinka wa 'ya'yanmu kayan Sallah. Kin koya mana awo, kin koya mana yanka, kin koya mana warware abin da muka ɓata ba tare da kuka ba. Kuma kin koya mana abin da ba ya cikin ɗinki. Mata nawa ne a nan suka yi shekaru da ciwon da suke jin kunyar faɗa wa likita, kika riƙe hannunsu kika kai su? Ba zan nuna kowa ba, sun san kansu. Allah ya saka da alheri.

Ga waɗanda suka zo daga nesa, bari in gaya muku ko su wane ne matan nan biyu da ke zaune, ɗaya a wannan ƙarshen layi, ɗaya a wancan. Waccan Anti Fadila ce, matar yayana, ya auro ta lokacin da ya je karatu. Wannan Malama Adawiyya ce. Dukansu baƙaƙen fata ne na Amurka, a layi ɗaya suka tashi, rana ɗaya suka musulunta, shekara arba'in suna ƙawance. Da mijin Malama ya rasu, Anti Fadila ce ta aika mata ta ce ta zo Daura ta huta wata biyu. Wata biyun nan ne ya zama shekara huɗu.

Ban taɓa ganin ƙawance irin nasu ba. Sai su shige ɗaki bayan la'asar su yi ta Turanci suna dariya har Anti ta faɗo daga kujera. Ni ba na jin ko kalma ɗaya, amma wallahi mace ta san dariyar da ake yi a kan maza ko da wane harshe aka yi ta. In Yaya ya wuce sai su yi tsit, in ya fita su sake fashewa. Iyayena maza, ku yi haƙuri, zan yi maganar a lulluɓe gwargwadon iko. Farkon zuwan Anti, 'yan'uwa sun haɗa mata tsimi, wato abin shan nan da ake yi wa matan aure don gyaran jiki. Ita ta ɗauka zoɓo ne, ta sa ƙanƙara ta aika wa baƙin Yaya a zaure. Allah ya gafarta Malam, kana cikin waɗanda suka sha, har an ce ka nemi ƙari. Wannan labari shi Anti ta fara ba ƙawarta ranar da ta sauka, tun ba ta kwance kaya ba.

Malama kuwa ba ta san ɓoye-ɓoye irin namu ba. Wata rana a aji Inna Rabi'atu ta ce ita ta girma, ta gama da sha'anin maza. Malama ta ajiye almakashi ta ce, "Inna, shekararki nawa?" Ta ce hamsin. Malama ta ce, "Na girme ki da biyu, kuma ni ban gama ba. Wa ya ce miki an rufe kasuwa?" Ranar ba a yi ɗinki ba, har waɗanda suka rufe fuska da mayafi kafaɗunsu na rawa.

Magana ta biyu. Ba asiri zan tona ba, don na riga na tona shi wata biyar da suka wuce, babu wanda bai ji ba a unguwar nan. Abin da ba ku sani ba shi ne hannun da ya yi aikin.

Kekunan ɗinkinmu sun kama lalacewa sau biyu a mako. Ni dai ba na barin abu ya wuce ni. Na sa ido, sai na ga Malama da kanta tana sassauta noti da safe, kuma duk ranar da keke ya lalace, ranar ce take zuwa da kwalli da turare. Ba zan ambaci sunan bawan Allahn ba. Mai gyaran keken ɗinki ɗaya ne a unguwar nan, dattijo mai kunya, matarsa ta rasu da daɗewa. Tun da aka ƙaddamar da shari'a ba ya shigowa cikin mata, sai a fitar masa da keken zaure, Malama ta tsaya bakin ƙofa, mu muna ganinsu, tana yi masa bayanin ciwon keke. Noti ɗaya fa, jama'a. Shi ma sai ya shafe sa'a guda yana ɗaure shi. Ba su yi abin da Allah ya hana ba, ba su yi abin da mutum zai zarga ba. Mutane biyu ne da suka sha kaɗaici suna lallaɓa hanyar da za ta kai su ga halal, a hankali, kamar mai tafiya da ƙwai a faranti. Ni kuwa ban ga haka ba. Abin dariya na gani.

Ranar sunan ɗan Rukayya, 'yar ajinmu, na ɗauki kwanon Anti Fadila. Kun san kowane gida da shaidar kwanonsa; na Anti ɗigo uku ne na jan farce a gindi. Na kai wa Nagoggo mai kayan mata, na ce Anti ta ce a cika shi da gumba da turaren tsuguno da duk abin da ake haɗa wa amarya, a kai wa ƙawarta a gaban jama'a. Nagoggo ba ta da laifi, da zuciya ɗaya ta yi, har ƙari ta sa don murna. Ana tsakiyar cin abinci ta shigo da kwano a ka, ta rangaɗa guɗa ta ce, "Saƙo daga ƙawarki! Amaryar mai gyaran keke, a fara gyara tun yanzu!"

Gida ya ɗauka. Mu a wurinmu wannan ƙauna ce, haka ƙawa take yi wa ƙawa, a yi shewa a tsokane ki ki rufe fuska a wuce wurin. Ni ina bayan randa ina riƙe ciki. Malama ba ta rufe fuska ba. Ta karɓi kwanon, ta ɗaga shi ta dubi gindinsa, ta ga ɗigo uku. Ta waiga tana neman Anti Fadila. Anti tana can nesa wajen masu rabon tuwo, ba ta ji abin da aka ce ba, ta ga kowa na dariya ita ma tana dariya. Malama ba ta yi Turanci ba, da Hausa ta faɗa don kowa ya ji: "Ke kaɗai na gaya wa." Ta rungumi kwanon ta fita.

Ashe a makon nan ne ta buɗe wa ƙawarta cikinta, abin da ba ta faɗa wa kowa ba tun rasuwar mijinta. Ni ban sani ba. Amma rashin sanin nan iyakarsa ranar. Washegari Anti ta kira ni idonta jajur ta ce, "Barakatu, wa ya ɗauki kwanona?" Na dube ta na ce ban gani ba. Nagoggo ta so ta yi magana, na bi ta har gida ina kuka na roƙe ta ta rufa mini asiri. Na ce gobe zan faɗa. Goben ta zo na ce bari Yaya ya huce. Aka yi azumi, aka yi Sallah, ina ɗauke da abin nan ina kai goshina ƙasa da shi.

Ku ji abin da wasana ya ci. Wata biyar matan nan ba su haɗa ido ba. Anti ta je ƙofarta ta rantse, amma kwanon nata ne, shaidar tata ce, me za ta ce? Ɗakin da ake dariya bayan la'asar ya yi shiru, har Yaya da yake ƙorafin hayaniya ya koma yana tsayawa a tsakar gida kamar mai jiran wani. Bawan Allahn nan kuwa, maza suka sa shi gaba da zolaya a majalisa, ya daina zuwa. Kekunanmu suka lalace da gaske, babu mai gyara. Bayan Sallah danginsa suka yi masa aure a Mashi. Abin da ya fi ƙona mini rai, daga baya na ji cewa kafin sunan nan har ya fara tambayar malamai yadda ake neman auren matar da danginta ke bayan teku. Saura kaɗan, jama'a. Da na riƙe hannuna mako biyu kacal, da kwanon nan da Anti da kanta za ta aika shi, da guɗar nan ta gaskiya ce.

Wannan ba ya gyaruwa. Malama, kin koya mana warware ɗinki, amma ba ki ɓoye mana ba cewa in an yanka yadi an yanka. Ba zan ce ki fasa tafiya ba, ba ni da bakin faɗar haka. Ba zan ma ce ki yafe mini yau ba. Ina shaida wa wannan taro, a gaban Malam Liman da iyayena, cewa Anti Fadila ba ta tona asirinki ba, ko da ido, ko da murmushi. Ni na gani, ni na ɗauki kwano, ni na yi ƙarya.

Magana ta uku gajera ce, roƙo ne. A garin nan ba a mayar da kwano wayam. In an aiko miki da abinci, ko gyaɗa ce ki zuba a ciki ki mayar. Wanda ya mayar da shi babu komai, ya ce a yanke zumunci. Malama ta san wannan, Anti ce ta koya mata. Wata biyar ina lura: kwanon bai koma da kaya ba, kuma bai koma wayam ba. Yana kan kabad ɗinta. Ta raba tukwanenta, ta ba da katifarta, ta rufe akwatuna, shi yana nan. Yau da safe na hango shi a cikin jakar da ke gefen ƙafarta, da murfinsa a rufe. Ku shaide ni, karo na farko ke nan a rayuwata da na ga abu a rufe ban buɗe ba.

Malama, in wayam ne, ni za ki miƙa wa, don ni na aiko shi, ni na cancanta. In kuma da wani abu a ciki, mai shi tana can ƙarshen layi, taku goma ne tsakaninku, gobe kuwa teku ne.

Hajiya Shugaba, a yi mini haƙuri in ɗan dakata. Ga Malama ta miƙe da kwanon a hannu. Mata, ku janye ƙafafunku a ba ta hanya. Nagoggo, don Allah riƙe guɗar nan tukuna, ita ta kawo mu nan.

Anti, karɓa mana da hannu biyu. Kada ki buɗe a nan, mun ga abin da buɗewa a gaban jama'a take jawowa. Ki gaya mana abu ɗaya kawai. Da nauyi?

Ɓangaren maza, ba ku ji ba, kuka ya hana ta ɗaga murya. Ta ce da nauyi.

Alhamdu lillahi. Wata biyar na ƙwace musu, abin da na iya mayarwa yini ɗaya ne. Don haka ina roƙon kowa, in an tashi daga nan, kada wanda ya bi su gida da sunan sallama. A bar musu la'asar ɗin yau. Yaya, kai ma ka nemi wurin zuwa.

Allah ya kai Malama Adawiyya gida lafiya, ya haɗa ta da abokin zama na gari wanda ba zai ji kunyar zolaya ba. Allah ya riƙe ƙawancen nan duk nisan ƙasa. Allah ya ba bawan nan nasa zaman lafiya da iyalinsa, ya sa shi ma ya yafe mini. Allah ya zaunar da Daura da masarautarta lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni kuma ku sa ni a addu'a, Allah ya koya wa hannuna zama wuri ɗaya.

Na gode.