An Canza Ƙofa, Ba a Gaya wa Mai Gadi Ba

A ɗakin jira na asibiti, wata mata mai lamba tamanin da uku ta nuna wa mutumin da ke gefenta wayarta.

"Kwana uku ina neman yi wa mahaifina rajistar ganin likita, wayar tana cewa wai babu shafin. Dole na taso da shi tun asuba, ga ƙafarsa a kumbure."

Mutumin ya duba wayar ya ce, "Hajiya, ai sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, kamar mai gadi take. Duk buƙatar da ta iso, sai ta duba adireshin ta nuna mata ƙofa. Ranar Litinin aka canza adireshin rajista, aka manta a umarce ta ta riƙa tura masu tsohon adireshi zuwa sabon."

"Kai ya aka yi ka san Litinin ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni na canza. Na gwada sabon a wayata, ya buɗe, na tashi daga aiki." Ya miƙo mata takardarsa. "Karɓi lambata, goma sha biyu ce."

"Riƙe abarka, ɗana. Mu nawa ne a nan, duk za ka ba mu? Tashi ka je ka gaya wa mai gadin naka."