Wa Ke Leƙa Cikin Inji?

A bencin shagon kayan mota, wani dattijo ya dubi fasasshen ƙarfen da ke hannun matashin kusa da shi.

"Ɗana, wannan fa?"

"Fistin ne, na cikin injin motata, Baba. Babban turbo na sa mata, ƙarfinta ya ninka."

"Ka canza kayan cikin injin?"

"Na kamfani na bari. Makanike ya ce ba za su ɗauka ba, amma wa ke leƙa cikin inji? Turbo kuwa, tun daga nesa ake jin kukansa."

"To, ya aka yi fistin ɗin ya fito?"

"Na taka mai don surukaina su ji isowata, sai ya faso gefen injin a ƙofar gidansu."

"Ka ga kuwa, yau sun ga cikin inji."