Kazar Iyan Sabi'u

Da kuɗin jar akuyata na tafi Ikko. Babanku ya rasu, damina ba ta yi ba, sai kakarku ta ce in kai akuyar kasuwar Aujara, ta kama ku ta riƙe. Wata Hajiya 'yar Taura ce ta ɗauke ni tuƙin tuwo a Agege. Kwana kuwa a ɗakin ajiyar gawayi, mu uku, tukwane a gefen kai. Amma duk wanda zai gida sai in ce ya gaya wa Inna ina lafiya, na samu wuri. Wuri dai na ce. A Aujara ya zama ɗaki.

Gidan yana da mai tsaro da suke kira kiyatika, mai gidan kuma landulo. Na daɗe ina zaton sunansa ne, har ina ce masa Malam Kiyatika.

Wata rana ina kwashe tuwo, sai ga Sabi'u ɗan maƙwabcinmu da jakar leda. Yana kwaleji a Kano, malamai sun tafi yajin aiki, ya biyo motar shanu kyauta don ya ga Ikko. Ya durƙusa ya ce, "Iya ta ce in sauka a wurinki, Gwaggo."

Kun san a gida ba a tambayar baƙo ranar tafiya. Na je na sami Kiyatika da 'yar Hausarsa ta kasuwa.

Na ce, "Ɗana ne, ko a baranda ya kwana."

"Baranda na landulo ne."

"To tabarma a bakin famfo."

"Famfo ma na landulo ne. Ke ma don Hajiya ne."

Ashe Sabi'u yana bayana. Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, ni da na zo kallo, wa ya aike ni barci?" A masallacin 'yan goro ya riƙa kwana. Ni ko kallon idonsa na kasa.

Kullum da la'asar sai ya zo, ƙafa duk ƙura, ya ba ni labarin abin da ya gani ba ko kwabo. Ya tsaya a jikin wayar filin jirgi ya ga tashin jirgi. Ya taka gada ya ga teku, ya ce ba ta da ɗaya gaɓar. Ya hau moluwe, wannan doguwar motar da rabin mutanenta a waje suke, kwandasta ya zage shi da Yarbanci, shi kuma ya ce amin. Abin da nake iya ba shi ƙanzo ne da guntun miya, shi ma sai Hajiya ta juya baya. Ya ci ya ce ko a Kano bai ci irinsa ba.

Da azumi ya gabato na dawo, da turmin atamfa ɗaya da ciwon baya. Washegari Iyan Sabi'u ta shigo da kaza a hammata, mata na biye da ita.

"Hauwa, Allah ya saka. Ya ce ɗaki guda kika bar masa, har da fanka."

Na buɗe baki, sai na ga Inna tana murmushi, na rufe. Sabi'u yana bakin zaure yana gyaran keke, bai ɗago ba.

Kazar nan na kasa yanka ta. Waɗannan da kuke kora daga kan tabarmata, duk jikokinta ne. Ku bar su su ci.