Takardar Hutun Dankure

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban sashenmu na aikin gona, Alhaji Abdussamadu. Iyayenmu hakimai da dagatai. Sarakunan noma na Argungu da Augie. 'Yan uwana malaman gona. Jama'ar Birnin Kebbi maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa.

Ina godiya da aka ba ni, ni Riskuwa, damar magana a madadin malaman gona na Argungu. An ce in kawo rahoton shinkafa da albasa na bana. Rahoton yana kan teburin shugaba, kowa na iya karantawa. Ku gafarce ni, wata takarda dabam na zo da ita, kuma wata bakwai ke nan tana aljihuna.

Magana ta farko, yadda muke aiki. Kafin a rage ma'aikata, mu tara ne a ofishinmu. Takarda ta zo daga Sakkwato, muka koma uku: ni, da Malam Attahiru da ke zaune can baya, da marigayi Malam Dankure. Ƙauyukan ba su ragu ba, gonakin ba su ragu ba, babur kuwa ɗaya ne, shi ma sai an tura. Taki ya makara, mu manomi ke zagi. Tsuntsaye su sauka a fadama, mu ofis ke tuhuma. Ga kuma ƙa'ida: ba mai tafiya hutu sai abokin aikinsa ya sa hannu cewa ya ɗauki ƙauyukansa har ya dawo. Muna tara, wannan ba komai ba ne. Muna uku, wa zai sa hannu?

Magana ta biyu, hirarmu. Bayan la'asar mukan zauna a benci a ƙofar ofis, kowa ya sauke gajiyarsa a kan ɗan uwansa. Attahiru ya yi kukan idonsa da ke yin hazo, ni in yi kukan bayana, Dankure kuwa kullum sai ya ja mu zuwa kasuwar da.

Yakan ce, "Riskuwa, ka tuna sa'ad da munka kama aiki? Sule biyu, ka cika kwano da shinkafa, ka sai kihi, mai albasa ya bi ka da gyara har bakin hanya!"

In ce, "To tashi ka tai kasuwag ga da sule biyunka, mu ga abin da za su ba ka."

Ya ce, "Harara za su ba ni, ita ma ba gyara."

Mu yi dariya, daga nan hira ta koma Yawuri. Can ɗiyarsa Kulsumi take aure. Ta haifi mace, aka sa mata Luba, sunan mahaifiyarsa, shi ya sa bai taɓa kiran sunan ba, sai dai ya ce Inna. "In na samu hutu, zan tai in ga Inna." Ya san motar da zai shiga, ya san inda zai sauka ya yi azahar. Ya ce kaka ba ya zuwa hannu sake, don haka duk wata yakan sayi kwano ɗaya na shinkafa ya zuba a buhu. Shinkafa tana tsada, buhu yana cika a hankali, Inna tana girma bai gan ta ba.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, kuma a kaina take. Sau uku Dankure ya kawo mini takardar hutunsa. Na farko na ce ya bari a gama rabon taki. Na biyu na ce ya bari a gama girbi. Na uku ya ajiye ta a gabana ya ce, "Kwana goma ɗai, Riskuwa. An ce Inna ta hwara tahiya." Na dubi ƙauyukansa, na dubi nawa, na ji tsoron aikin. Na ninke takardar na sa aljihu, na ce, "Bari a cire albasa."

Ba a cire albasa da shi ba. Ranar wata Talata yana auna gona a fadamar Augie, ya dafe kai ya zauna, manoma suka ɗauko shi a amalanke. Kafin a iso Argungu rai ya yi halinsa.

Na san kwana ne ya ƙare, kuma ba ni jayayya da hukuncin Allah. Ban rage masa rana ɗaya ba. Amma kwana goma ya roƙe ni, suna hannuna, na hana. Wallahi ina jin kunya, kuma ina jin zafin abin har yau.

Ni na kai buhun nan Yawuri. Ranar an samu mai riƙe mini ƙauyukana, jama'a, ranar an samu! Kulsumi ta dubi buhun, Luba tana riƙe da zanenta, ta ce, "Baba Riskuwa, shinkafa akwai ta nan Yawuri. Shi muka jira."

Ranka ya daɗe shugaba, ga dalilin tsayuwata. Shekara biyu ke nan likita ya ce wa Malam Attahiru ya tafi Kaduna a duba idonsa tun ana iya gyarawa. Yanzu idon hagu ya rufe, na dama ne ya rage, da shi yake karanta muku rahoto yana kai takarda har hanci. Tun rasuwar Dankure bai sake kawo mini takardarsa ba, don ya ga mu biyu muka rage, yana jin nauyina. A aljihun teburinsa na same ta jiya. Ga ta nan, ga alƙalami, ku shaida na sa hannu. Na ɗauki ƙauyukansa, na ɗauki na Dankure, in albasa za ta ruɓe ta ruɓe, a tuhume ni. Saura hannunka, ranka ya daɗe, kuma ina roƙon ka sa shi kafin a tashi daga wannan taro. Kada ka ce a bari sai an yi girbi. Na taɓa faɗin haka, ga takardar Dankure a aljihuna, ba wanda zan mayar wa.

Allah ya jiƙan Malam Dankure, ya haskaka kabarinsa, ya raya Luba. Allah ya ba Malam Attahiru lafiya, ya kai shi Kaduna ya dawo da ganinsa. Allah ya sauƙaƙa mana tsadar abinci, ya albarkaci gonakinmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.